Teburina a Getsemani

Ƙarfe huɗu na kafa tebur a bakin dandali.
Ƙafarsa ɗaya gajera ce, na tokare ta da murfin kwalba.
Man kwakwa a sahun gaba, ni na dafa shi
yadda kakata ta koya mini, da wuta kaɗan da haƙuri mai yawa.
Jan-baki iri bakwai, hoda, gazal,
da sabulun ɓawon lemo na Eulalia,
wanda ba ya kumfa, amma mata sun rantse da shi.

Yau ne daren farko na bikin gangunan unguwa.
An ja tutoci daga baranda zuwa baranda,
mai gashin masara ya tayar da hayaƙi
tun rana ba ta faɗa teku ba.
Cartagena ta yi wanka, ta fito da gumi a goshi.

Ni abin da nake so a garin nan bai taka kara ya karya ba:
wainar masara mai ƙwai a ciki,
da zafinta, daga kaskon Petrona,
baƙar gahawa a ɗan kofin roba,
iskar da ke hawa kan ganuwa da yamma lis,
da bas ɗin nan mai kiɗa
da ke sa haƙoran mutum rawa har tasha.

Baƙi masu kyamara sun tsaya.
Sun buɗe kwalba, sun sansana,
sun taya, sun ɗau hoto, sun yi gaba.
Hoto ba ya biyan haya.
Gidan da aka haife ni otal ne yanzu,
ɗakin uwata da dala ake kwana a ciki.

Sai ga Yuranis a guje, takalmi a hannu,
saura minti biyar a kira ta ta hau.
Ta ce, Nereida, ja mai duhu, na biya ki in an tashi.
Bashin bara yana nan a littafi.
Na riƙe haɓarta na zana mata baki,
ina jin waƙar tana motsi a maƙogwaronta.

Ana tsakiyar waƙa ta uku wuta ta ɗauke.
Lasifika ta haɗiye muryarta.
Duhu, da tsaki, da kukan wani jariri,
wasu har sun fara laluben hanyar gida.

Wani ya dafa teburina, ya kusa kifar da shi.
Tsoho Wilfrido ne, na gane tarinsa.
Ya miƙo tafuka biyu ƙarƙashin fitilar wayata,
sun tsattsage kamar bangon da gishirin teku ya ci.
Ya ce, tun safe nake kaɗawa, 'yata,
kuma ko peso ɗaya babu a aljihuna.

Man da na dafa don gashin 'yan mata
shi na zuba masa, ban auna ba.
Ya murza, ya ja numfashi ta haƙora,
ya ɗauki kwalbar ya shige duhu.

Sai ganga ta yi magana.
Ɗaya tak, ba waya, ba fitila.
Ta biyu ta amsa daga wajen coci.
Yuranis ta ɗora muryarta a kai, tsirara,
na ji ta har nan inda nake tsaye.
Hoda ta narke a kumatu, gazal ya gangaro,
ba wadda ta nemi madubi.
Da wuta ta dawo, ihu aka yi mata a kashe.

Asuba na ƙirga ciniki:
jan-baki uku, sabulu biyu, bashi ɗaya sabo,
kwalba ɗaya ba ta dawo ba.
Na naɗe tebur, na tsinci murfina a ƙasa.
Wilfrido yana barci kan benci, rungume da ganga,
fatarta tana ƙamshin kicin ɗin kakata.